Kada Ka Fara da Tuddan Mpape

Idan ka yi shekaru rabonka da hawan keke, kada ɗoki ya kai ka tuddan Mpape a ranar farko. An ce ba a manta tuƙin keke, kuma haka ne. Sai dai ƙirji da cinyoyi ba sa riƙe abin da kai ya riƙe.

A ganina, gangara ta fi hawa hatsari. In numfashinka ya ƙare a hawa, sai ka sauka ka tura keken, babu abin kunya. A gangara kuwa, ga tsakuwa ga gudu, birki ne kawai gatanka. Robar birkin da ta daɗe a ajiye takan bushe, ta ƙi kamawa. Saboda haka fara kai keken wurin mai gyara, ya duba birki da kaca da tayoyi. Ka kuma nemi hular kwano.

Ka yi 'yan makonni kana zagaya unguwa da sassafe, kafin rana ta take. Bayan nan ka nufi duwatsun Ushafa, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, tare da aboki. Ka bi hanya a hankali, domin ruwan damina yakan haƙa rami inda ka sani sumul a da.