Akuyar Da Ba Ta Yarda A Taɓa Ta

Wata uwargida daga Agege ta rubuto cewa ta sayi jar akuya mai ciki, amma duk ranar ba ta magani sai yaran gida sun yi ta bin ta da gudu har ta gaji ta faɗi. Hajiya, a daina wannan. Akuya mai ciki da aka gigita tana iya yin ɓari, kuma wadda aka kama da ƙarfi yau, gobe ta fi wuyar kamuwa.

Tun kafin ranar magani ake fara aikin. Mutum ɗaya ya riƙa ba ta abinci, a lokaci ɗaya kullum. Ki zuba dusa a kwano, ki tsuguna gefe, kada ki tsaya a kanta. Idan ta fara ci kusa da ke, ki koma ba ta a tafin hannu, sannan ki riƙa sosa mata wuya da kafaɗa. Kada ki kawo hannu ta saman kai, nan ne ke firgita ta. Wata kwana 3 ta saba, wata sai ta yi makonni. Idan ita kaɗai ce a gidan, tsoronta zai fi yawa, domin akuya dabbar garke ce.

Ranar magani, a kai ta lungu. Hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙugu, a jingina ta da bango. Ban da jan ƙaho ko kunne ko ƙafa. Wajen ɗura maganin tsutsar ciki, a sa ta gefen baki a hankali, kada a ɗaga kan sama sosai, don in ta ƙware maganin zai bi huhu. Ki kuma gaya wa likitan dabbobi tana da ciki, saboda albendazole ba a ba akuya shi a farkon ciki.

Tunda tana hannu, ki ja fatar idonta ta ƙasa. In cikin ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, sau da yawa tsutsa ce. Ki duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya, ki duba kofato ko ya yi tsawo. Ki tambayi likita kan rigakafin PPR da ake yi a Vom. Kafin ki sake ta, ki ba ta ɗan harawa.