Gudu Ba Gadon Jini Ba Ne

Duk ranar da ɗan Kenya ko ɗan Habasha ya lashe gudun fanfalaki a talabijin, hukuncin da ake yankewa a fadojin shayi na Tahoua ɗaya ne: "A jininsu yake." Wannan magana ta cuce mu. Ta raina gumin mutane, ta kuma ba mu hujjar naɗe hannu. A shekarun 1920 ƴan Finland ne sarakunan dogon gudu, Paavo Nurmi shi kaɗai ya ci zinare 9 a Olamfik. Jinin jikokinsu bai sauya ba, amma kambun ya bar gidansu. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun auna zakarun Kenya da Habasha, ba su gano wata ƙwaya da ta keɓanta da su ba. Abin da ido ya gani shi ne garin Iten na Kenya, inda Colm O'Connell ya sauka a makarantar St Patrick a 1976 ya shiga horar da ɗalibai, da garin Bekoji na Habasha, inda Sentayehu Eshetu ya reni Derartu Tulu da Kenenisa Bekele. Ga malami, ga gasa, ga maƙwabcin da gudu ya gina wa gida.

Za a ce Iten na kan tudu, wajen mita 2,400, alhali Tahoua ba ta kai 500 ba. Gaskiya ne, iskar tudu na ƙarfafa numfashi, amma tudu wuri ne da ake zuwa, shi ya sa Turawa ke tururuwa can atisaye. Bolibiya ma tsaunuka ce, ina zakarunta? Za a ce jiki ya fi jiki. Haka ne, sai dai mai siraran ƙafafu da dogon numfashi ana haifarsa ko'ina. Mai gano shi ne ba a samu ko'ina.

Shaidar tana ƙofar gidanmu. A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Tun daga nan akwai fili, akwai takobi, akwai makaɗa da kyauta, don haka yaron Adar ke tashi da burin zama ɗan kokowa. Shi kuwa yaron da ke kora awaki zuwa rijiya a hanyar Abalak tun da asuba, ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. A shirya gasar gudu tsakanin makarantun jihar nan kowace shekara, a ba malaman wasanni agogo da takalma, a sa kyautar da iyaye za su gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.