A Bar wa Waƙar Bulus Kaushinta

A watan Disamba na 2002, wasu samari biyu a birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka suka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan ɗayansu, suka kunna wata tsohuwar na'urar ɗaukar sauti ƙirar Tascam 388 mai layi takwas, suka yi kusan awa 14 suna kiɗa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne mafi yawan kundin Thickfreakness, wanda kamfanin Fat Possum ya saki a 2003. Dan Auerbach ne ke riƙe da jita yana rera waƙa, Patrick Carney na kan ganguna, sunan ƙungiyarsu Black Keys. Babu mai jitar bes, babu 'yan amshi, babu furodusa daga waje. Wanda ya saurari kundin zai ji jita tana gurnani kamar amfilifayar za ta tsage, gangunan suna amo irin na ɗaki mai ƙarancin rufi, muryar kuma wani lokaci tana nutsewa cikin hayaniyar. Masu sukar irin wannan aiki suna cewa rashin kuɗi ne aka yi wa kwalliya. Ni ina ganin sun yi kuskure. Mawaƙi mai zaman kansa da ke son yin kiɗan rok mai duhu, wanda ya sha daga bulus, ya fi dacewa ya ɗauki waƙarsa kai tsaye, a ɗaki ɗaya, da kayan aiki kaɗan, ya kuma bar ta da kaushinta, domin irin wannan kiɗa yana mutuwa idan aka tsattsaga shi aka sake ɗinke shi.

Dalilin yana cikin ginin kiɗan kansa. Black Keys ba daga bulus ɗin Chicago mai ƙaho da fiyano suka koyi sana'a ba. Malaminsu, wanda ba su taɓa zama a gabansa ba, shi ne Junior Kimbrough, mutumin tuddan arewacin Misisipi da aka haifa a 1930 ya rasu a 1998. Bulus ɗin da aka fi sani yana zagayawa ne a kan amo uku cikin tsari mai ƙidaya 12, ya tafi ya dawo. Na Kimbrough da maƙwabcinsa R. L. Burnside sau da yawa yakan tsaya a kan amo ɗaya tak, babban yatsa yana bugun tsirkiyar ƙasa ba tsayawa, sauran yatsun suna zagaya wata gajeriyar jimla har mai sauraro ya manta inda aka faro. Kunnen da ya saba da gurmi ko da kuntigin Ɗan Maraya Jos ba zai ji baƙunta a nan ba, kuma ba zato ba ne kawai: masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da bulus, ya danganta wani sashe na salon da yankin savana da ya haɗa da Mali da arewacin Gana da arewacin Nijeriya. To kiɗan da ba ya canza amo, ina motsinsa yake? Yana cikin ja-in-ja tsakanin makaɗa. Mai ganga ya ɗan jinkirta, mai jita ya ɗan matsa gaba, mawaƙi ya riƙe kalma har sai ya ga dama ya sake ta, sauran su bi shi. Kimbrough ba ya ƙirga lokacin da zai shiga baiti na gaba, yana shiga ne idan ya ji lokaci ya yi. Idan aka sa mai ganga ya yi nasa shi kaɗai a kan ƙarar agogon kwamfuta, gobe mai jita ya zo ya ɗora nasa, jibi a ɗauki murya, za a sami kowane sauti a muhallinsa amma wannan ja-in-ja ya tafi, kuma shi ne kaɗai abin da waƙar take da shi. Shi ya sa ko kundin Kimbrough na farko, All Night Long na 1992, marubuci Robert Palmer ya ɗauke shi ne a gidan rawar Kimbrough da ke Chulahoma, inda mutumin ya saba kiɗa.

Na'ura mai layi takwas tana da wata tarbiyya da take koya wa mai ita. Ganguna za su cinye layi uku ko huɗu, jita ɗaya ko biyu, murya ɗaya, sai ɗan abin da ya rage. A ɗaki ƙarami kuma makirfon ganga yana kama jita, na jita yana kama ganga, don haka ba a iya cire kuskuren mutum ɗaya ba tare da an zubar da zaman gaba ɗaya ba. Dole a saurara nan take a yanke hukunci: wannan ya yi, ko a sake. Tef ɗin da na'urar ke ɗaukar sauti a kansa ma idan aka matsa masa da ƙara ba ya fashewa da tsawa irin ta na'urar dijital, yakan danne sautin ya ba shi kauri, kuma wani ɓangare na duhun da ake ji a waɗannan kundaye daga nan ya fito. Sauran duhun yana cikin rubutun, inda kalmomi ba su da yawa, jimla ɗaya kan rabuwa ko kaɗaici ko zargi ana maimaita ta har ta yi nauyi. Yana kuma cikin garin. Akron ta taɓa zama cibiyar yin tayar mota ta duniya, gidan Goodyear da Firestone da General Tire, kafin masana'antun su rufe ko su ƙaura. Da Auerbach da Carney suka rasa ɗakin ƙasan, sai suka kama hayar wani sashe na tsohuwar masana'antar General Tire, suka ɗauki kundinsu na uku a can, Rubber Factory na 2004. Ba su je neman kufai don ado ba, kufan ne wurin da kuɗinsu ya kai, kuma a cikinsa suka girma.

Suka ta farko tana da ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Idan kaushi aƙida ce, me ya sa suka bar ta da zarar hali ya samu? A 2007 sun shiga cikakken situdiyo da furodusa Danger Mouse suka yi Attack & Release. Kundin Brothers na 2010, wanda aka ɗauki mafi yawansa a Muscle Shoals da ke Alabama, shi ya kawo musu lambobin Grammy, sannan El Camino na 2011 ya kai su manyan filayen wasa. Mai suka zai ce ga shaida nan, talauci ne dama. Amma a duba abin da ya canza tare da situdiyon: waƙoƙin ma sun canza. Sun koma masu amshi a fili, da bes da fiyano da 'yan rakiya, kiɗan da ya fi kusa da sol da rok na rediyo, kuma irin wannan gini yana amfana da layuka masu yawa. Da suka waiwayi waƙoƙin tuddan Misisipi a kundin Delta Kream na 2021, suna da situdiyon Auerbach a Nashbil da duk kuɗin da suke buƙata, amma suka zauna a ɗaki ɗaya da Kenny Brown, wanda ya daɗe yana yi wa Burnside jita, da Eric Deaton, wanda ya yi wa Kimbrough bes, suka gama cikin kimanin awa 10 a yini biyu. Mutumin da ke da zaɓi ya koma hanyar da ya bi lokacin da ba shi da zaɓi, kuma ya koma ne daidai a kan kiɗan da ke buƙatarta.

Suka ta biyu ita ce wadda ta fi damuna, kuma ban yarda da masu kawar da ita da hannu ba. Fararen samari biyu daga Ohayo sun ɗauki salon baƙaƙen fatar Misisipi, jikokin bayi, sun yi arziki da shi, alhali Kimbrough ya haura shekara 60 kafin duniya ta ji cikakken kundinsa, ya rasu shekara shida bayan haka, gidan rawarsa kuma ya ƙone a 2000. Shin kaushin da ya kasance halin rayuwar wani bai zama rigar aro a jikin wani ba? Wannan tsohon ciwo ne a tarihin rok, inda ƙungiyoyin Ingila na shekarun 1960 suka kwashi waƙoƙin bulus, wasu ma sai da aka kai su kotu kafin su sa sunan mai waƙa. Abin da za a iya faɗa wa Black Keys shi ne ba su ɓoye rijiyar da suka sha ba. Tun kundinsu na farko na 2002 akwai waƙar Kimbrough da sunansa a kai, sun zaɓi kamfanin da ya fito da shi, kuma a 2006 suka yi Chulahoma, ƙaramin kundi na waƙoƙinsa shida, wanda ya ƙare da saƙon muryar matarsa tana yaba musu. Sunan mawallafi a kan faifai ba girmamawa ba ce kawai, shi ne hanyar da haƙƙin mallaka ke bi ya isa ga magada. Wannan bai daidaita ma'aunin ba, kuma ba zai daidaita shi ba, tunda kasuwar da ta ɗaga su ita ce ta yi watsi da shi shekara da shekaru. Sai dai sukar ba ta taɓa hanyar ɗaukar sauti ba. Abin da ta ɗora wa duk mai bin wannan salo shi ne ya ambaci malaminsa, ya biya, ya kuma koyi kiɗan har cikinsa. Wanda ya tsaya ga ƙara wa jita gurnani da na'ura alhali bai iya riƙe amo ɗaya na minti biyar ba tare da ya gundura mutane ba, shi ne ainihin mai rigar aro.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce wannan muhawara, tunda yau da kwamfutar hannu ɗaya yaro zai ɗauki sauti mai tsabta a ɗakin kwanansa. Gaskiya ne, kuma alheri ne ga mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa. Amma kwamfuta ta kawo wata jaraba da tef ba shi da ita, wato jinkirta hukunci. Ana iya ɗaukar baiti ɗaya sau 40, a yanko kalma daga nan da can, a miƙar da murya, a jera kowace bugun ganga a kan layi, har a wayi gari babu kuskure ko ɗaya kuma babu alamar cewa mutane ne suka yi kiɗan tare. Ba sai an sayi tsohon tef ba kafin a tsira daga wannan. Ana iya ɗauka da kwamfuta a kuma ɗaure kai da dokar layi takwas: kowa a ɗaki ɗaya, zama biyu ko uku, a zaɓi wanda ya fi rai ko da akwai tsirkiyar da ta zame. Auerbach kansa, da ya zama furodusa, ya kai Bombino, makaɗin jitar Abzinawa ɗan Agadas, situdiyonsa na Nashbil suka yi kundin Nomad na 2013. Jitar Abzinawa ma tana zagaye gajeriyar jimla a kan amo kaɗan, ta taso ne a wuraren biki inda makaɗa ke kallon juna, kuma a kundin an ƙara mata nauyi da 'yan kayan kiɗa amma an bar ƙungiyar tana tafiya tare, jitar tana gudu gaban ganga, ganga na binta. Makaɗan Agadas da na Damagaram da ke da jita da janareto da wayar salula sun riga sun mallaki kayan da suka fi na ɗakin ƙasan Carney inganci ta fuskar tsabtar sauti, kuma ba sa buƙatar jiran wani kamfani kafin su danna maɓallin ɗauka.