Kafin ka zagi akanta, ƙirga bakunan da ka tara

Jama'a, Yuli ya kama. A nan Ostireliya shekarar kuɗi tana ƙarewa ne ranar 30 ga Yuni, don haka yanzu kowa ya duƙufa kan takardun haraji. Kamar kullum kuma zaurukanmu na WhatsApp sun cika da kuka, wai akantoci sun zama ɓarayi.

Shekaranjiya wani ɗan'uwa ya kira ni ransa a ɓace. Akantansa ya turo masa lissafin abin da zai biya bana, dala dubu shida da ɗoriya, alhali a da 'yan ɗaruruwa yake bayarwa. Na ce, "Alhaji, gidaje nawa ne?" Ya ce biyu. "Da sunan wa?" Nan fa ya fara jero min. Ɗaya yana cikin asusun amana na iyali, kuma kamfani ne ke riƙe da amanar. Ɗayan yana cikin asusun fanshonsa na ƙashin kai, wanda ake kira SMSF, shi ma da nasa kamfanin, ga kuma wata ƙaramar amana da aka kafa saboda bashin banki. Sai shi da mai ɗakinsa. Gida biyu, baki bakwai. Na ce, "To Alhaji, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Maganata ke nan yau, kuma na san za ta yi wa wasu ɗaci. Akasarin masu kukan nan, tsadar akanta ba ita ce ciwonsu ba. An sayar musu da tsarin da ya fi ƙarfin dukiyarsu, sun sa hannu ba su tambayi abin da zai riƙa ci duk shekara ba.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. In gida da sunanka yake, lissafin hayarsa yana shiga cikin takardar harajinka ne kawai, shi ke nan. Amma amana tana da nata lissafin kuɗi da tata takardar haraji daban. Dole kuma a yanke shawarar wa za a ba wa kuɗin shigarta na shekarar kafin 30 ga Yuni ta wuce. In aka yi sake, mai riƙe da amanar ne zai biya haraji a mataki mafi sama, kashi 45 cikin 100. Kamfani kuwa, ko da ko tsinke bai saya ba, hukumar ASIC tana karɓar kuɗinta na shekara, sama da dala 300 ga kamfani na yau da kullum. SMSF shi ne babban maciyi: lissafin shekara, ƙiyasta darajar gidan bisa farashin kasuwa, odita mai zaman kansa wanda shi ma sai an biya shi, sannan dala 259 ga hukumar haraji ta ATO. Duk wannan yana nan ko ɗan haya ya biya ko bai biya ba, ko gidan ya yi wata uku a rufe. Sayen doki ai ba wuya, harawar kullum ce aiki.

To me aka samu a madadin wannan ɗawainiya? A nan ne nake jin haushin masu shirya semina a otal, waɗanda ke cewa, "Masu kuɗi ba sa sayen gida da sunansu." Suna faɗin rabin magana su haɗiye rabi.

Ba sa gaya maka cewa in kuɗin ruwan banki da gyare-gyare sun fi hayar yawa, wanda ya saya da sunansa zai iya cire asarar daga albashinsa ya rage haraji, amma asarar da aka yi cikin amana a can take maƙalewa, sai ran da amanar ta ci riba. Ba sa gaya maka cewa a jihar New South Wales mutum ba ya biyan harajin fili sai darajar filayensa ta haura dala 1,075,000, amma amanar iyali tun daga dalar farko ake caje ta kashi 1.6 cikin 100. Yi lissafin da kanka: filin dala 400,000 zai ci dala 6,400 duk shekara, abin da da sunanka ne ko sisi ba za ka biya ba. Suna cewa ka raba wa yara kuɗin haya don haraji ya ragu. Yaron da bai kai 18 ba, dala 416 kacal zai karɓa ba haraji, abin da ya haura sai an yi masa yankan ƙauna. Kamfani kuma, harajin kuɗin haya kashi 30 ne, kuma ran da aka sayar da gidan ba ya samun rangwamen rabin riba da ake yi wa mutum tun 1999 in ya riƙe kadara sama da shekara guda.

SMSF fa? Gaskiya ne harajinsa kashi 15 ne, abin sha'awa. Amma gidan da ke cikinsa, kai ba za ka kwana a ciki ba, ɗanka ba zai kama haya ba, ƙaninka da ya zo karatu ba zai sauka a can ba. Kuɗin kuma a kulle suke, galibi sai ka kai shekara 60 ka yi ritaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu da ƙafarmu ɗaya tana nan ɗaya tana gida. Takardar kafa amanar iyali takan buɗe ƙofa ga dangi gaba ɗaya: iyaye, 'yan'uwa, 'ya'yan 'yan'uwa. A New South Wales, in takardar ba ta fito fili ta cire baƙi 'yan ƙasar waje ba, ana ɗaukar amanar kanta a matsayin baƙuwa. Wato yayanka da ke zaune a Kano ko Kumasi, wanda bai ma san da zancen ba, ya isa ya ja maka ƙarin harajin saye na kashi 9 cikin 100. A gidan dala 800,000, dala 72,000 ke nan. In kuma kana da niyyar komawa gida, ka sani dole ragamar SMSF ta kasance a cikin Ostireliya. Ana ɗaga ƙafa ga tafiyar wucin gadi har shekara biyu. Amma wanda ya tattara ya koma ya ci gaba da juya asusun daga can, harajin kashi 45 zai iya faɗa wa asusun ya lashe kusan rabin abin da ke ciki. Wa ya faɗi wannan a semina?

Na san wani zai ce, "Malam, ai kare akantoci kake yi." Ko kusa. Akwai masu laifi a cikinsu, kuma laifin babba ne. Akantan da ya ga mutum mai albashi da gida ɗaya, ya kafa masa amana da kamfani bai rubuta masa abin da zai riƙa biya duk shekara ba, wannan saniyar tatsa ya samar wa kansa. Kuma tun 1 ga Yuli 2016, akantan da ba shi da lasisin ba da shawarar kuɗi ba shi da hurumin ce maka ka buɗe SMSF. Ka tambaye shi lasisinsa, ba rashin kunya ba ne.

Ban kuma ce tsarin ba shi da amfani ba. Likita ko ɗan kasuwa da za a iya maka shi a kotu, mai gidaje da yawa da ke kawo riba, mai 'ya'ya manya da ba su da kuɗin shiga sosai, waɗannan suna da dalili, kuma abin da suke tsira da shi yakan fi abin da suke biya. Su ma ina ba su shawara su daina farautar akanta mafi araha. Wanda ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, anya zai zauna ya karanta takardar amanarka shafi-shafi? Araha ba ta ado. Kuskure ɗaya a irin wannan aiki ya fi kuɗin akanta na shekara goma.

Shi Alhajin nawa ya ce to bari ya rushe komai ya mayar da gidan sunansa. Na ce ya yi a hankali, domin sauya sunan kamar sayarwa ne a idon hukuma: ga harajin sauya mallaka na jiha, ga harajin riba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Saboda haka wanda bai riga ya shiga ba, kafin ka sa hannu ka nemi amsa uku a rubuce. Nawa duka tsarin nan zai ci a shekara, har da odita da ASIC da harajin fili? Nawa zai rage min, a dala, bisa albashina na yanzu? Nawa zan biya in na so fita ko na koma gida? Sannan ka duba sunan akantan a rajistar hukumar TPB, kyauta ne a intanet. In amsa ta biyu ba ta fi ta farko ba, ka sayi gidanka da sunanka ka kwana lafiya.

Akantocinmu da ke nan, ga fili ga mai doki. In na yi kuskure a gyara min a ƙasa. Wanda kuma ya san ɗan'uwa da ke shirin zuwa semina a ƙarshen makon nan, don Allah ya tura masa.