Ujurar Ɗan Wasa, Daga Ƙanƙarar Kanada Zuwa Filin Gaya

Ran 16 ga Fabrairu, 2005, Gary Bettman, shugaban hukumar NHL mai gudanar da gasar hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada, ya fito bainar jama'a ya shelanta soke kakar wasa ɗungurungum, wasa 1,230 ba a buga ko guda ba, har Kofin Stanley na zakarun gasar, wanda rabon da ya rasa mai ɗauka tun annobar mura ta 1919, ya shekara a ajiye. Mai karatu a Gaya ko Ajingi, wanda iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce ta sanyaya zoɓo da azumi, yana da hujja in ya ce ina ruwansa. Amma ina roƙonsa ya yi mini uzuri, domin mas'alar ta ijara ce, kuma ta shafi 'ya'yanmu.

Asalin husumar rabon dukiya ne. Masu kulob suka ce albashi ya cinye ribarsu, lalle a yanka wa kowane kulob haddin da ba zai ƙetare ba. Ƙungiyar 'yan wasa, wadda Bob Goodenow ke jagoranta, ta ce faufau. Su kuwa attajiran suka garƙame filayensu suka koma gefe, suna jiran talauci ya yi musu aiki. Ya kuwa yi, don a watan Yuli 'yan wasan suka sallama, aka zaftare kashi 24 cikin ɗari na albashinsu, aka tsayar da haddin a dala miliyan 39. A 2012 aka sake kulle ƙofa, kaka ta dawo wasa 48 maimakon 82, rabon 'yan wasa a kuɗin shiga ya sauko daga kashi 57 zuwa 50.

A zahiri, ke nan, an ka da su sau biyu. Amma wanda ya yi nazari da basira zai ga cewa ko a cikin faɗuwar tasu sun tsira da abin da ɗan ƙwallonmu bai taɓa mafarkinsa ba, wato littafin lissafi buɗaɗɗe, wanda ake tattara kuɗin ƙofa da na talabijin da na talla a cikinsa, sa'an nan a fitar wa ma'aikaci nasa kason bisa sharaɗi rubutacce. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda ke karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan Gaya, sun daɗe da shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai ujura ta zama sananna, ajali ma sananne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

To, dubi yaron da ya tashi yana buga ƙwallo a filin firamare bayan La'asar, takalminsa ɗinkin baduku kan ɗinki, har wani mai ido ya gan shi ya kai shi birni gwaji. Da baki ake ƙulla maganar, da baki ake warware ta. In gwiwa ta goce, gida za a maido shi wajen mai ɗori, uban da ya sayar da buhun gero ya yi masa kuɗin mota shi zai sake sayar da wani. Ko a manyan kulob na ƙasar nan kukan bashin albashi da alawus ba baƙon abu ba ne. Illar kuwa, a ganina, tana ga tushe: galibin kulob ɗinmu, har da Kano Pillars da ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, mallakar gwamnatocin jihohi ne, da baitulmali suke rayuwa, alhali yajin aiki ba ya cizo sai inda mai dukiya zai yi asara in fili ya zama kufai. Attajirin da ke da kulob a Toronto yana lissafin abin da kowane daren da ba a yi wasa ba ya ci masa. Kwamishinan wasanni na jiha kuwa albashinsa na nan ko an buga ko ba a buga ba.

Masu cewa a kafa ƙungiya mai ƙarfi sun yi gaskiya, sai dai su san tsadarta. Ted Lindsay, da ya fara yunƙurin haɗa kan 'yan hoki a 1957, kulob ɗinsa na Detroit ya sallama shi ga na Chicago don ladabtarwa. Alan Eagleson kuwa, wanda aka damƙa wa amanar ƙungiyar 'yan hokin tun kafuwarta a 1967, a 1998 ya amsa laifin zamba aka ɗaure shi. Kafin mu kai can, abin da ke hannun uba a Ajingi shi ne kada ya saki ɗansa sai ya ga takarda mai ɗauke da adadin kuɗi, da ranar biya, da sunan wanda zai ɗauki nauyin magani in an ji rauni, da sa hannun shaidu biyu.