Direba, Kafin Ka Sayi Hita Yi Lissafin Batir

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, akwai bayin Allah da yawa a Kaduna waɗanda mota ce ɗakin kwanansu. Akwai direban bas da ya iso daga Kano ko Katsina cikin dare yana jiran layin lodin safe a tashar Kawo. Akwai yaron mota da maigidansa ya bar wa gadin kaya, da direbobin tirela da na tanka da ke jere a Mararrabar Jos da Tafa, har da 'yan kasuwar da kan iso tun daren Litinin don cin kasuwar Kawo ta Talata. A irin wannan lokaci sanyin Kaduna kan sauka ƙasa da digiri 15 kafin kiran assalatu. Wanda ke cikin ɗakin bulo yana da sauƙi, domin bango ya sha rana ya ajiye ɗumi. Mota kuwa ƙarfe ne da gilashi, da rana ta faɗi sai ta huce, duk sanyin da ke waje shi ne a ciki.

Sana'ata rewaya ce, a Hayin Banki nake aiki, kuma da zarar hazo ya sauka roƙon da nake sha guda ne: a haɗa wa mutum hita a mota. Ba na haɗawa. Ra'ayina shi ne wutar da mota ke da ita ba ta isa ta ɗumama mota ba, amma ta isa ta ɗumama jikin mutum ɗaya, don haka can ya kamata a kai ta. Sauran aikin kuma na shugabannin tasha ne.

Kwanakin baya wani dattijon direba ya zo min da kwali a hammata. Hita ce irin mai sanduna biyu da ke yin ja, sabuwa fil, ga kuma ƙaramar inbata da ya sayo daban. Ya ce, "Malam, ga kaya nan, haɗawa kawai za ka yi." Na juya bayan hitar na nuna masa 'yar takardar da ke manne, an rubuta wat 2,000. Na ce, "Alhaji, batirinka mai nawa ne?" Ya ce mai 75. Sai na ɗauki alli muka yi lissafi a jikin ƙofar shago.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Idan mai 75 ne, ka ninka 12 sau 75, ka sami 900. Ma'ana, ko da sabo ne kuma cike yake, abin da ke cikinsa gaba ɗaya shi ne wat 900 na tsawon awa guda. Hita mai wat 2,000 ba za ta kai rabin awa a kansa ba, ko da inbatar ta iya ɗauka, alhali yawancin ƙananan inbatocin kasuwa ba za su iya ba. Ko sanda ɗaya ka kunna, wato wat 1,000, wutar da za ta bi ta waya ta haura amfiya 80. Wayar da ta dace da wannan irin wadda ake ja wa kik ce, mai kauri. Siririyar waya za ta yi zafi ta narke, ta kama kujera. Ga kuma wani abu: batirin tayar da mota ba a yi shi don a zuƙe shi ƙaf ba. In ka saba sauke shi ƙasa da rabi, ba zai ga hunturun baɗi ba. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Ashe da asuba sai an tura ni ke nan." Na ce masa turi shi ne mai sauƙin.

Su kuwa ƙananan hitocin da ake sokawa a ramin kunna sigari, ba su da haɗari sosai, amma ba su da amfani. Ramin nan fis ɗinsa amfiya 10 ne zuwa 15, wato bai wuce wat 120 zuwa 180 ba. An yi su ne don share raɓar gilashin gaba. Wanda ya saya don ya kwana da ita a cikin bas mai kujera 18 ya yi asarar kuɗinsa.

Da yake hita ta gagara, sai mutane su koma ga dabaru uku da na fi tsoro. Ta farko kaskon gawayi: a sa garwashi a tsakiyar mota, a ɗaga gilasai, a kwanta. Ta biyu barin inji yana aiki har gari ya waye don hitar motar ta riƙa busowa. Ta uku ɗan ƙaramin janareta da ake ajiyewa a but ko a gindin taga. Dukkansu abu guda suke haifarwa, iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sama da sau 200. Mutum zai fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya kama ya yi kyau, shi ma yana fitar da ita. Tsohuwar bas mai shan fetur wadda salansarta ta huje, ƙasanta kuma ya ci tsatsa, tana tura wannan iska kai tsaye inda yaron mota ya shimfiɗa tabarmarsa. Sau da yawa in aka wayi gari da gawa a ɗaki ko a mota, sai a ce guba ce a abinci ko aikin iska, ba wanda ya dubi kaskon da ke gefe. Duk wanda aka samu a wannan hali, a fito da shi sarari nan take, a nufi asibiti da shi a sa masa iskar oksijin. Babban Asibitin Kawo yana nan kusa da tasha. Madara da manja ba sa maganinta.

Barin inji a kunne ma ko ba haɗari akwai ɓarna. Babbar mota tana tsaye tana shan abin da ya kusa lita 3 na gas a awa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu bas ma sun san ba a wasa da lita. Kwana ɗaya na ɗumi zai iya cinye ribar lodi guda.

To mene ne mafita? A Amurka da Turai akwai masu motocin da aka mayar ɗaki, da gado da kicin a ciki, suna yawo da su har lokacin ƙanƙara. Su ma sun yi wannan lissafi tuntuni. Ba sa kunna hitar lantarki da batir. Sai sun isa filin da aka tanada don kwanan irin waɗannan motoci, inda kowane gurbi ke da turken soket, a Amurka mai amfiya 30 ko 50, sannan su jona hita, ita ma yawanci ba ta wuce wat 1,500. In ba su kan turke, abin da suke dogara da shi bargon lantarki ne da hita mai ƙona gas ko iskar girki wadda hayaƙinta ke fita waje. Mutanen da sanyinsu ya ninka namu ke nan.

Bargon lantarki shi ne abin da nake ba direbobi shawara a kai. Akwai mai bolt 12, akwai mai 24 na manyan motoci, kuma cinsa wat 40 zuwa 60 ne kawai. A shimfiɗa shi a ƙasa, a kwanta a kai, a rufa da bargo na gaske, domin zafi sama yake tashi. In ya yi awa 8 yana aiki ba tsayawa zai ci kusan rabin batir mai 75, saboda haka mai ƙaramar mota ya kunna shi awa ɗaya ko biyu shimfiɗa ta ɗau ɗumi ya kashe, ko ya ajiye masa batir na daban wanda mota za ta riƙa caja wa da rana. Mai tirela yana da yalwa, tunda manyan batura biyu gare shi. Sai dai kada ya yarda a ja masa bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun. Wannan gajeriyar hanya ce da wasu abokan sana'ata ke bi, kuma tana kashe batir ɗaya ta bar ɗaya. Ya sayi bargo mai 24, ko a sa masa na'urar rage wuta, da fis a kusa da kan batir.

Wanda zai sayi bargon lantarki a gwanjo ya karanta takardar jikinsa. Na amfanin gida wanda ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, wutar gidajenmu kuwa 230 ce, in ka soka shi ƙonewa zai yi. Wanda wayarsa ta karye ko ya yi tabon ƙuna a bar shi. Ba a kunna shi a naɗe, ba a kwantar da jariri a kai, kuma mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi ya nisance shi.

Kafin ma a kai ga lantarki akwai abubuwan da ba sa cin ko wat ɗaya. Gilashi ne babbar kafar da ɗumi ke zurarewa, don haka a yanka kwali daidai kowace taga a toshe, a bar 'yar kafa ta shan iska. Ƙasan mota ƙarfe ne, a sa kwali ninki biyu kafin tabarma. Hular sanyi da safa da rigar sanyi suna nan jibge a Kasuwar Barci. Na ga wani yaron mota yana miƙa wa mai shayi robar ruwan zafi irin ta kemis yana cewa, "Baba, a cika min kafin ka tashi." Ya naɗe ta da tsohon ƙyalle ya tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafafunsa. Wannan yaro ya fi mai hitar wat 2,000 dabara.

Ga mai tirelar da ke yawan bin hanyar Jos, inda sanyi ya fi na nan nesa ba kusa ba, akwai hita mai shan gas irin ta kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus, yanzu kuma akwai 'yan China masu sauƙin kuɗi. Ƙaramar ba ta wuce rubu'in lita a awa, wutar batir kaɗan take ja, kuma iskar da take ƙonawa daban take da wadda take busowa ciki. Amma duk amincinta yana ga wanda ya ɗaura ta. In bututun hayaƙi bai fita waje sosai ba, an koma gidan jiya. Duk mai ita ya haɗa da 'yar na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, mai aiki da batirin tocila.

Wannan lissafi bai tsaya a mota ba. Mu nan Hayin Banki gidajen haya ne da yawa, ɗaki ɗaki, mita guda, tsofaffin wayoyi. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, sai ka ga an soka ta a ekstenshan mai araha tare da dutsen guga da hitar dafa ruwa. Daga nan gobarar hunturu ke tashi, lokacin da komai ya bushe kuma iska na kaɗawa. Ta fuskar kuɗi ma, a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit. Da wannan farashi, hitar ɗaki ta awa 8 yunit 16 ce, naira 3,600 a dare guda. Bargo mai wat 60 bai cika rabin yunit ba, naira 100 da 'yan kai.

Za a ce min direban da ke neman na cefane ina ya ga kuɗin bargon lantarki da batir na biyu? Tambaya ce mai kyau, shi ya sa na ce sauran aikin na tasha ne. Kowace mota tana biyan kuɗi kafin ta yi lodi. Ƙungiyoyin NURTW da NARTO suna da ofisoshi da shugabanni a waɗannan wurare. Me zai hana a kafa turakun soket masu fis da makashi a layin da motoci ke kwana, direba ya biya kaɗan ya jona bargonsa ya caja wayarsa? Barguna 20 gaba ɗaya wat 1,200 ne, ba su kai hitar Alhaji guda ɗaya ba. Ba sai an jira wutar layi ba, wadda muka ga yadda ta ɗauke a yawancin Arewa sama da mako guda a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Faifan sola a rufin rumfa da batura masu kyau za su ɗauki wannan nauyi, kuma a Panteka akwai masu ƙera turakun. In hakan ya yi nisa, ko ɗakin kwana mai ƙofa da tabarmi da barguna a tanadar wa yaran mota, tunda su suka fi kwana a ƙarfe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta leƙa kasuwa ta duba hitoci da ekstenshan da ake sayarwa ba fis.

Ina roƙon shugabannin tashar Kawo da na Mararrabar Jos su sa doka tun kafin sanyin bana ya kankama: ba kasko, ba janareta a cikin motar da mutum zai kwana, kuma a riƙa zagayawa da dare ana dubawa. Kai kuma maigida, yaron da ka bari a mota amana ne a hannunka. Kafin ka tafi masauki, ka tabbata yana da bargo, ka tabbata ba garwashi a kusa da shi.