Kafin mu tura zanenmu madaba'a

Makon jiya a nan Madekali wani matashi mai zayyanar allo ya nuna mini riguna goma da aka buga masa a Kwatano. Zanen da ya kwana uku yana yi da tawada da alƙalamin kara ya fito dishi-dishi, jan ya koma kamar ƙasa, farar takardar kuma ta bayyana a ƙirjin rigar tamkar faci. Ya biya kuɗin bugu, ya biya na mota, ga shi babu mai saye. Da na tambaye shi yadda ya aika zanen, sai ya ce da daddare ya ɗauke shi da waya, ya tura ta WhatsApp. To, a nan gizo ke saƙar.

Abin ya dame ni ne don lokacin da muke ciki. Tun rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kasuwar Malanbil ta ji a jikinta, kuma samarin da ke cin abinci a gadar Gaya da yawansu sun koma neman wata sana'a. Zane kuwa kaya ne da ba ya jiran a buɗe gada. Yau akwai kamfanoni irin su Redbubble da Printful da ba sa buga riga ko kofi ko jaka sai an saya, kuma masu bugu na Paraku da Kwatano suna karɓar aiki ko da na riga ɗaya ne. Mai zane ba sai ya tara jari ba. Jarinsa shi ne fayil mai kyau.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Masu bugu suna neman ɗigo 300 a kowane inci, wato santimita biyu da rabi. Zanen da zai cika ƙirjin riga, mai faɗin santimita 30, yana buƙatar ɗigo kusan 3,500. Hoton da faɗinsa ɗigo 1,200 ne ba zai wuce santimita 10 ba sai ya fara fashewa. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda. Don haka a kai zanen wurin mai sikana, a ce ya ɗauka a kan 300, ko 600 idan ana so a ninka girmansa. A goge gilashin tukuna, don ƙurar hunturu ma fitowa take yi. Allon da ba ya shiga na'ura a ɗauke shi da rana a inuwa, wayar tana fuskantarsa daidai, ba tare da fitila ba. Sannan a cire farin bayan a adana shi a PNG, in ba haka ba takardar za ta bi zanen har kan rigar. A tuna kuma waya da haske take nuna launi, na'urar bugu da tawada, shi ya sa ja da kore kan dusashe. A buga gwaji ɗaya kafin a ce a buga goma.

Akwai abu biyu da suka fi lissafi nauyi. Na farko, zayyana a jikin ayoyi ta taso. Kamfanin da ke ƙetare bai san bambanci ba: fayil ɗaya zai iya ɗora shi a kan riga, matashin kai, har da abin shimfiɗa a ƙasa, idan mai zanen bai kashe waɗannan zaɓin ba. Shawarata, a ɗauki adon gefe, da surar hula, da aska takwas ta babbar riga, a bar aya da sunan Allah a kan allo, inda ake girmama su.

Na biyu, haƙƙin mai aiki. Wanda ya riƙe fayil mai kyau zai iya bugawa sau dubu. Kada a bar shi a kwamfutar mai shago, a kwashe shi a tafi da shi. A ajiye zanen asali da kwanan wata, a kuma san cewa ƙasar nan tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BUBEDRA. Kai kuma mai shago, idan zanen malam ko na mai ɗinkin hula ka ɗauka, ka nemi izininsa, ka ba shi rabonsa.

Ina kira ga ƙungiyoyin matasanmu da masu shagunan kwamfuta na Malanbil su ware ko da yini ɗaya a wata su koya wa masu zane wannan aiki. Shi matashin nan ya riga ya koma da allonsa wurin mai sikana, riga ɗaya tak zai fara bugawa. Allah ya sa albarka a sana'a.